Yadda kiɗan wani fim ɗin soyayya ya zama waƙar hadda ga makaɗan jaz

Idan makaɗa huɗu ko biyar na jaz, kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, suka haɗu a kan dandamali, wannan daga Japan, wancan daga Afirka ta Kudu, wani daga Amurka, ko da ba su taɓa ganin juna ba, ba sai sun yi gwaji ba kafin su fara. Ɗayansu zai ambaci sunan waƙa, mai ganga ya ƙirga ɗaya zuwa huɗu, kiɗa ya tashi kamar sun shekara tare. Abin da ke sa hakan ya yiwu shi ne akwai wasu waƙoƙi 'yan ɗaruruwa da ake sa ran duk wanda ya kira kansa makaɗin jaz ya haddace su. Wanda bai iya su ba, to bai shiga sahu ba tukuna. Ɗaya daga cikin waɗannan waƙoƙin hadda ita ce "On Green Dolphin Street", kuma ba makaɗin jaz ne ya tsara ta ba. An yi ta ne don ta raka wani fim ɗin soyayya na Holiwud wanda yau da wuya ka sami matashin makaɗi da ya taɓa kallonsa.

Fim ɗin, mai suna Green Dolphin Street, ya fito a 1947. Kamfanin MGM ne ya shirya shi, Victor Saville ya ba da umarni, Lana Turner da Donna Reed suka fito a matsayin ya da ƙanwa. Daga littafin Elizabeth Goudge, marubuciya 'yar Ingila, aka ɗauko labarin. Wani saurayi ne yake son ƙanwar, ƙaddara ta jefa shi can Niyu Zilan, wata rana ya sha ya yi tatul ya zauna rubuta wa mahaifinsu wasiƙar neman aure, sai ya rubuta sunan yayar. Ita kuwa dama tana mutuwar sonsa, ta hau jirgin ruwa ta bi shi. Ƙanwar ta ƙare a gidan mata masu zuhudu na coci. Fim ɗin ya yi kasuwa a shekararsa, har ya ci kyautar Oska saboda yadda aka haɗa hoton girgizar ƙasar da ke cikinsa. Girgizar ƙasar mutane suka fito suna labari, ba kiɗan ba.

Wanda ya tsara kiɗan shi ne Bronisław Kaper, Bayahude haifaffen birnin Warso na ƙasar Polan a 1902. Ya yi aikin kiɗan fim a Jamus, da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 ya tsere zuwa Faransa, daga nan MGM ta ɗauke shi zuwa Amurka. Ma'aikacin kamfani ne: a ba shi fim, ya yi masa kiɗa, ya wuce na gaba. Bayan ya gama wannan, Ned Washington ya ɗora wa kiɗan baitoci don a sayar da shi a matsayin waƙa mai zaman kanta. Haka al'adar take a lokacin, domin manyan kamfanonin fim suna da nasu kamfanonin buga takardun waƙa, kuma duk karin da ya fito daga fim ana so a tatse shi sau biyu. Wannan karon tatsar ba ta kawo komai ba. Waƙar ba ta yi tashe ba, ta kwanta kusan shekara goma ba mai waiwayarta sai ɗaiɗaiku.

Kafin a fahimci abin da ya tashe ta, sai an san me makaɗin jaz yake yi da waƙa in ya ɗauke ta. Kowace waƙa irin wannan tana da abu biyu. Akwai kari, wato abin da kake rerawa ko ka yi fito da shi. Akwai kuma jerin haɗin sautukan da ke ƙarƙashin karin, waɗanda mai fiyano ke dannawa uku-uku ko huɗu-huɗu a lokaci guda, suna sauyawa bisa wani tsari da ba ya canzawa. Makaɗan jaz sukan busa karin sau ɗaya a farko don mai sauraro ya gane waƙar, sai su ajiye shi. Daga nan mai fiyano da mai bes (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya) da mai ganga su ci gaba da zagaya jerin haɗin sautukan, zagaye bayan zagaye, kowane mai busa ya fito bi da bi yana ƙirƙirar sabon kari nan take a kan wannan jeri. In kowa ya gama faɗar abin da ke bakinsa, a koma wa karin asali a rufe da shi.

Mai karatun da ya taso a Kano ya san masu bandiri da suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin fina-finan Indiya suna ɗora masa baitocin yabon Annabi (SAW). Aro ne daga fim a nan ma, amma abin da ake ara ya bambanta: mai bandiri yana riƙe kari ya zubar da baitoci, makaɗin jaz kuwa yana zubar da baitocin, ya jingine karin ma, ya riƙe ƙashin bayan da ke ƙasa. Saboda haka tambayarsa game da kowace waƙa ba ita ce ko tana da daɗin rerawa ba. Yana so ya san ko zai iya zagaya ta sau ashirin a dare ɗaya, dare ɗari a shekara, bai gaji da ita ba.

A nan ne kiɗan Kaper ya yi fice, kuma ya kamata a dube shi da kyau. Tsawon waƙar gaɓa 32 ne, kowace gaɓa bugu huɗu, an raba ta kashi huɗu mai gaɓa takwas-takwas. Kashi na farko da na uku iri ɗaya ne, na biyu da na huɗu kowanne da tafiyarsa. A kashi na farko mai bes zai iya kafewa a kan sauti ɗaya tak, ya yi ta maimaita shi gaɓa takwas cur, yayin da haɗin sautukan da ke sama suke sauya launi a hankali: a fara da mai haske, a koma mai duhu, a ɗaga sama kaɗan, a zamo rabin taki, a sake zamowa a dawo gida. Ƙasa a tsaye, sama na motsi. Mai busa yana samun fili a nan, ba abin da ke korarsa, yana iya jan sauti ɗaya ya bar shi ya yi ta shawagi. Sai kashi na biyu ya zo, mai bes ya saki sautin da ya riƙe ya fara takawa, bugu ɗaya sauti ɗaya, haɗin sautukan su bi hanyar da kowane makaɗin jaz ya saba da ita, su leƙa wani matakin sauti na daban su dawo. Kashi na uku ya sake tsayar da komai. Na huɗu kuwa gudu ne: sauyi biyu a kusan kowace gaɓa, suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, inda wanda bai ƙware ba yakan yi tuntuɓe.

Ke nan a zagaye ɗaya, wanda bai fi minti guda ba, mai busa ya sami wurin numfashi da wurin nuna gwaninta, kuma sauyin da ke tsakaninsu yana hana mai sauraro gundura. A ganina wannan shi ne babban dalili, sauran duk hanya ce da ta kai mutane gare shi. Kaper ɗin nan ya ci Oska da kiɗan fim ɗin Lili na 1953, kuma waƙar da ke cikinsa, "Hi-Lili, Hi-Lo", ta shiga gidaje fiye da wannan nesa ba kusa ba. Amma ba za ka ji ana kiranta a taron makaɗan jaz na tsakar dare ba. Karinta mai daɗi ne, ƙarƙashinta ba abin tonowa da yawa.

Sai dai kyan gini kaɗai ba ya tashin waƙa daga barci. Sai wani ya tsinto ta, kuma sai ya zama wanda ake saurara. Mutumin da ya kamata a fara ambata shi ne Ahmad Jamal, mai fiyano haifaffen Pittsburgh a 1930, wanda ya musulunta a farkon shekarun 1950 ya ɗauki wannan suna, ya rasu a 2023. Yana zaune a Shikago yana kiɗa da ƙungiyar mutum uku, kuma yana da ɗabi'ar tono waƙoƙin fim da na dandamali waɗanda wasu ke ganin ba su da nauyi. A 1956 ya saka wannan waƙa a faifansa mai suna Count 'Em 88. Salonsa shi ne barin sarari: ya taɓa sautuka kaɗan, ya yi shiru, ya bar bes da ganga su riƙe wani ɗan zagaye suna maimaitawa. Masu sharhi da yawa a wancan lokaci sun raina shi, suna masa kallon mai kiɗan otal, irin wanda ake sa wa masu cin abinci. Miles Davis, shahararren mai busa ƙahon jaz, bai raina shi ba. Ya sha faɗa cewa yadda Jamal ke amfani da sarari da sauƙin hannunsa sun burge shi, har yakan ce wa mai fiyanonsa Red Garland ya riƙa kaɗawa irin na Jamal. Waƙoƙi da dama da Miles ya naɗa a shekarun 1950 sai da Jamal ya riga shi naɗa su.

Ranar 26 ga Mayu, 1958, Miles ya shiga sutudiyon kamfanin Columbia a birnin New York da mutum biyar: John Coltrane da Cannonball Adderley a kan saksofon, Bill Evans a kan fiyano, Paul Chambers a kan bes, Jimmy Cobb a kan ganguna. Evans da Cobb sababbin shiga ne, wannan ne karon farko da su shidan suka yi naɗi a sutudiyo tare. Wanda ya saurari abin da suka yi wa waƙar zai ji Evans ya buɗe shi kaɗai, ba ƙirga, yana lalubar haɗin sautukan a hankali. Sai Chambers ya shigo ya kafe a kan sautinsa, Cobb ya bi shi a sassauce. Miles ya toshe bakin ƙahonsa da murfin ƙarfe, ya matso kusa da makirfo, sautin ya fito siriri kamar mai raɗa. Bai busa karin yadda Kaper ya rubuta shi daidai ba. Yana jinkirta wani sautin, yana tsallake wani. Coltrane ya karɓa da ruwan sautuka masu bin juna a guje, Adderley ya zo da nasa salon mai fara'a, Evans ya sake kwantar da ƙurar. Kusan minti goma suka ɗauka.

Minti goman nan ma yana da tarihi. A shekarar da fim ɗin ya fito, faifan garmaho da ake sayarwa ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a kowane gefe. A 1948 ne kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar sama da minti ashirin a gefe ɗaya. Waƙar da ƙarfinta yake cikin zagayawa da sauyin yanayi ba za ta nuna kanta a minti uku ba. Da Miles ya naɗe ta a 1947, da wataƙila an ji kari mai daɗi kawai an wuce.

Wani abin lura shi ne, a wannan rana ɗaya sun naɗi "Stella by Starlight", wadda ita ma kiɗan fim ce, Victor Young ya tsara ta don wani fim ɗin fatalwa na 1944, kuma Ned Washington ɗin nan ne ya yi mata baitoci. Da Columbia ta tashi fitar da naɗin a 1959, a faifan Jazz Track, sai ta cika ɗaya gefen da kiɗan da Miles ya yi wa wani fim ɗin Faransa na Louis Malle. Gefe ɗaya jaz da aka yi don fim, ɗaya gefen kiɗan fim da aka mayar jaz. Kuma ba wannan ne karon farko da Miles ya ci daga hannun Kaper ba. A watan Agusta na 1947, a naɗinsa na farko a matsayin shugaban ƙungiya, ya yi wata waƙa mai suna "Little Willie Leaps" wadda ya gina a kan jerin haɗin sautukan "All God's Chillun Got Rhythm", waƙar da Kaper da abokin aikinsa Walter Jurmann suka yi wa wani fim ɗin barkwanci na 1937.

Lokacin ma ya dace. A 1958 Miles yana neman hanyar fita daga salon da haɗin sautuka ke sauyawa kowane bugu biyu, yana son kiɗan da zai tsaya wuri ɗaya ya bar mai busa ya yi tunani. A watan Maris da Afrilu na 1959 shi da waɗannan mutane suka naɗi Kind of Blue, faifan da aka fi sani a tarihin jaz, wanda aka gina kusan gaba ɗaya a kan wannan tunani. Gaɓa takwas ɗin farko na waƙar Kaper, inda bes ke tsaye, sun yi daidai da abin da yake nema, sauran gaɓoɓin kuma sun bar wa tsohon salo ƙofa. Waƙar ta zo a kan gaɓar sauyi, tana da ƙafa a kowane ɓangare.

Daga nan abin ya bazu da sauri, kuma ta hannun makaɗa ya bazu, ba ta rediyo ba. Wynton Kelly, wanda ya gaji kujerar fiyano a ƙungiyar Miles, ya naɗe ta a 1959. Bill Evans ma ya naɗe ta a shekarar. A watan Afrilu na 1960 Eric Dolphy ya busa ta da doguwar sarewar kilarinet mai kauri a faifansa na farko, ya murɗe ta har ta kusa fita kamanninta. Miles kansa ya riƙa yawo da ita: ya kaɗa ta a rangadin Turai na 1960 tare da Coltrane, ya kaɗa ta a San Francisco a 1961, ya kaɗa ta a Shikago a ƙarshen 1965 da wata sabuwar ƙungiya ta matasa waɗanda suka wargaza ta suka sake haɗawa. Duk yaron da ke koyon ƙaho ko fiyano a lokacin yana zama da faifan Miles yana kwaikwayo, kuma abin da Miles ya kaɗa shi ake kira a wurin taro. Mawaƙa irin su Sarah Vaughan sun rera baitocin, amma gaskiya baitocin ba su ne suka ɗauki waƙar ba. Makaɗa da yawa sun shekara talatin suna kaɗa ta ba su san layi biyu daga ciki ba.

Akwai kuma doka, wadda ba a cika kawo ta cikin wannan zance ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta tanadi cewa da zarar an fitar da waƙa a faifai, kowa na iya naɗar tasa ba tare da neman izinin mai ita ba, muddin zai biya kuɗin da doka ta yanke, santi 2 a kan kowane faifan da aka buga. Wannan farashi bai motsa ba har 1978. Don haka ƙaramin kamfani a Shikago bai buƙaci ya je ya durƙusa wa MGM ba kafin Jamal ya taɓa waƙar, kuma ba wanda ya isa ya ce wa Dolphy ya ɓata ta. Amma dokar tana da ɗaya fuskar. Kuɗin marubuci na wanda sunansa ke kan takarda ne, wato Kaper da Washington da kamfanin da ya buga ta. Abin da Coltrane ya ƙirƙira a cikin mintunansa, wanda ɗalibai ke kwafewa sauti bayan sauti har yau, doka ba ta ɗauke shi a matsayin sabuwar waƙa ba. Ko Washington, wanda ba a furta kalma ɗaya tasa a naɗin Miles ba, yana da kaso. Baƙaƙen fatar da Holiwud ta wancan zamani ba ta cika ba su wani matsayi a fim ba sai na bara da kuku, su ne suka raya kadarar kamfanin, riba kuma ta koma inda ta fito. Wannan na cikin dalilan da suka sa makaɗa suka riƙa yin abin da Miles ya yi a 1947: jerin haɗin sautuka ba shi da mai shi a doka, kari ne ke da shi, don haka sai a ɗauki jerin a ɗora sabon kari a sa sunan kai.

Matakin ƙarshe makaranta ce ta taka shi. A tsakiyar shekarun 1970 wasu ɗalibai a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston suka tattara ɗaruruwan waƙoƙi, suka rubuta su da hannu, kowace a shafi ɗaya ko biyu, kari a kan layi, haɗin sautuka a samansa. Suka kira littafin The Real Book. Ba su biya kowa haƙƙi ba, a ɓoye ake sayar da shi, ana kwafa ana miƙawa, har ya zagaye duniya kafin a fitar da halastaccen bugu a 2004. Waƙar da ta shiga wannan littafi ta tsira, wadda ba ta shiga ba sai mai tono. Ta Kaper ta shiga, amma a matakin sauti na C aka rubuta ta, alhali Miles ya kaɗa ta sama da haka da taki ɗaya da rabi. Shi ya sa har gobe in aka kira ta a taro sai wani ya tambaya a wane mataki za a yi, kuma amsar takan nuna ko mutum daga littafi ya koya ko daga faifai. Al'adar da ta kafu ta kaɗa kashi na farko da na uku da salon gangar Latin Amurka, a juya zuwa tafiyar jaz a na biyu da na huɗu, ita ma ba daga fim ɗin ta zo ba. Makaɗa ne suka ɗora ta, littafi da malamai suka mayar da ita kamar ƙa'ida.

Wannan hanya daga Holiwud zuwa dandamalin jaz ba ta daɗe a buɗe ba bayan haka. "Days of Wine and Roses" ta Henry Mancini a 1962 da "The Shadow of Your Smile" ta Johnny Mandel a 1965 suna cikin na ƙarshe-ƙarshe da suka bi ta. Daga tsakiyar shekarun 1960 kiɗan rok ya mamaye kasuwa, waƙar gaɓa 32 mai yawan sauyin sautuka ta daina zama abin da kamfanonin fim ke nema, tsarin ajiye masu tsara kiɗa a kan albashi irin na zamanin Kaper ya rushe. Su ma makaɗan jaz sun gane lissafin haƙƙin mallaka, suka koma rubuta nasu waƙoƙin suna buɗe nasu kamfanonin bugawa. Ƙungiyar Miles ta 1965, wadda ke kaɗa waƙar Kaper a kulob da dare, in ta shiga sutudiyo waƙoƙin Wayne Shorter da Herbie Hancock da sauran 'yan ƙungiyar take naɗa.